Limamin Soja: Anini A Kafaɗa, Amana A Wuya

Duk wanda ya san garin Minna ya san unguwar Limawa. Sunan kansa ya isa ya gaya wa baƙo abin da ake nufi, domin a ƙasar Hausa in an ce Limawa, to, ana nufin gidan liman da zuriyarsa da waɗanda suka zauna kewaye da shi. Aikin limamin unguwa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shi ke jan salla, shi ke raɗa wa jariri suna, shi ke ɗaura aure, in rai ya yi halinsa kuma shi ke tsayawa gaban gawa. Babu mai ba shi oda, babu kuma wanda ke riƙe da takardar ƙarin girmansa. Saboda haka in ya tashi faɗin gaskiya, abin da zai iya ɗaure masa harshe bai wuce kunya ko kwaɗayi ba.

Amma fa Minna garin soja ne kuma. A nan hedkwatar rundunar horarwa da tsara dabarun yaƙi ta sojan ƙasa take, wadda ake kira TRADOC, a nan kuma Birged ta 31 ta masu igwa take, ban da cewa garin ya ba Nijeriya shugabanni biyu masu kaki, watau Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar. A cikin bariki akwai wani irin liman dabam da na unguwa. Yana sa kaki, yana da anini a kafaɗa, yana sara wa na gaba da shi, na baya da shi suna sara masa, albashinsa kuma daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, ran da abin da kwamanda ke so ya yi hannun riga da abin da addini ya ɗora wa liman, wanne zai bi? Da wane ma'auni kuma ya kamata a auna girman irin wannan mutum, da aninin kafaɗarsa ko da wani abu dabam?

Rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya tana da sassa uku masu kula da sha'anin addini: sashen harkokin Musulunci, da na limaman Katolika, da na limaman Furotesta. Ma'aikatansu hafsoshi ne cikakku, sai dai dokar yaƙi ta duniya ta keɓe su. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta sa limaman soja a sahu ɗaya da likitoci, ta ce kada a kai musu hari, in kuma sun faɗa hannun abokan gaba kada a ɗauke su fursunonin yaƙi, sai dai a tsare su don su ci gaba da kula da mutanensu da aka kama. Dalilin wannan kariya a fili yake: an ɗauka cewa liman ba mayaƙi ba ne, yana cikin runduna ne don ya tsaya wa ran ɗan Adam a wurin da ran ya fi arha. A tarihin ƙasar nan an yi fitattu a wannan aiki, irin su Monsinyo Pedro Martins na Ikko, limamin Katolika wanda ya kai muƙamin Kanar, ya yi aiki a zamanin yaƙin basasa, ya rasu a 2014 yana da shekara 103.

Labarin da ya fi fito da nauyin wannan aiki fili ya faru ne a wata ƙasa mai nisa, kuma mai labarin ɗan ɗarikar Lutheran ne. Wannan ɗarika ta samo sunanta daga Martin Luther, malamin Jamus wanda ya yi fito-na-fito da fadar Paparoma a 1517, kuma ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya sauka a Numan ta ƙasar Adamawa, daga aikinsa aka sami ikilisiyar Lutheran da ke da cibiya a can, wadda da yawa daga mabiyanta da Hausa suke ibada. Shugabanta, Babban Bishop Musa Panti Filibus, shi ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta duniya baki ɗaya daga 2017 zuwa 2023. Akwai kuma wani reshe a Obot Idim kusa da Uyo, wanda 'yan mishan na Amurka suka fara a 1936, yawancinsu daga reshen ɗarikar da ake kira na Missouri.

Wannan reshe na Missouri ya ba sojan Amurka limamai da dama, amma biyu daga cikinsu sun isa misali. Na farko shi ne Gerhardt Hyatt, haifaffen Kanada, wanda ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya har ya zama Manjo-Janar, ya shugabanci dukan limaman sojan ƙasa na Amurka daga 1971 zuwa 1975. Wannan shi ne ƙololuwar abin da limamin soja zai iya kaiwa a can, kuma babu mai ƙwace masa yabon da ya samu. Na biyu shi ne Henry Gerecke, wanda yana Kyaftin ne lokacin da ya yi aikin da ya sa aka san shi, daga baya aka ba shi Manjo. In da anini ne ma'auni, da ko kusa ba za a haɗa su ba. Amma sunan Gerecke ne ya bi duniya, har a 2014 wani ɗan jarida, Tim Townsend, ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarsa.

An haifi Gerecke ran 4 ga watan Agusta 1893 a wani ƙauye mai suna Gordonville a jihar Missouri, a gidan manoma waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura daga Jamus, saboda haka ya tashi yana jin Jamusanci. Karatunsa na addini bai tafi sumul ba, don kuwa ya yi aure tun yana ɗalibi, alhali dokar makarantarsu ta hana, aka sallame shi. Bai yi zuciya ba, ya ci gaba da karatu a waje har aka naɗa shi fasto a 1926, aka ba shi wata majami'a a birnin St. Louis. A 1935, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe mutane suka rasa abin kaiwa baki, sai ya bar majami'ar da albashinta ya koma aikin mishan na cikin birni. Yau yana asibiti, gobe yana kurkuku, jibi yana unguwar matalauta, yana kuma wani shiri a rediyo don marasa lafiya da waɗanda aka tsare. Shekara takwas ya yi yana wannan, ya saba da warin kurkuku da irin maganar mazaunansa.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya miƙa kansa ga soja yana dab da cika shekara 50, watau dab da iyakar shekarun da ake karɓar limamai. Manyan 'ya'yansa biyu sun riga shi sa kaki. Bayan horo a Jami'ar Harvard aka haɗa shi da Babban Asibitin Soja na 98, wanda aka kafa a kudancin Ingila a 1944, inda aka riƙa kwararo da samarin da aka raunata a fagen fama na Faransa. Da Jamus ta faɗi a 1945 aka mayar da asibitin birnin Munich. Daga nan ne ya je sansanin Dachau, ya ga da idonsa wurin da 'yan Nazi suka tara mutane suka hallaka su.

A watan Nuwamba na 1945 Amurka da Ingila da Faransa da Rasha suka shirya gurfanar da manyan muƙarraban Hitila gaban kotu a birnin Nuremberg. Shugaban kurkukun, Kanar Burton Andrus, ya nemi limami wanda ya haɗa abu uku: ya zama ɗan Lutheran, don yawancin fursunonin a wannan ɗarika aka haife su, ya iya Jamusanci, ya kuma san aikin kurkuku. Da aka duba sai aka ga babu kamar Gerecke. Ba a tilasta masa ba, an ba shi zaɓi, ko ya karɓa ko ya koma gida wajen matarsa wadda ya daɗe bai gani ba. Mai karatu ya duba halin da dattijon nan ya shiga. Ya ga Dachau, ya zauna gefen gadon samarin da sojojin waɗannan mutane suka naƙasa, 'ya'yansa na cikinsa sun sha wuya a yaƙin, ga shi kuma an ce ya je ya zama limaminsu. Ya yi addu'a, ya karɓa.

Fursunoni 21 ne suka zauna a akwatin kotu. Aka ba Gerecke 15, sauran shidan aka ba Rabaran Fada Sixtus O'Connor na Katolika. A cikin rabon Gerecke akwai Hermann Goering, na biyun Hitila kuma shugaban mayaƙan sama, da Joachim von Ribbentrop ministan harkokin waje, da Fil Mashal Wilhelm Keitel babban hafsan hafsoshi, da Fritz Sauckel wanda ya kwaso miliyoyin mutane daga ƙasashen da aka ci da yaƙi ya sa su aikin tilas, da Alfred Rosenberg mai tsara aƙidar wariyar jinsi ta jam'iyyar.

Ran da ya fara zaga ɗakunansu, ɗakin Rudolf Hess ya soma shiga. Ya gaisa da Hess hannu da hannu, haka kuma ya yi wa sauran. Wannan gaisuwa ta jawo masa zargi mai yawa, domin hafsoshin ƙawance da dama ba su yarda hannunsu ya taɓa na waɗannan mutane ba. Hujjarsa ita ce, wanda ka ƙi ba hannu ba zai ba ka kunne ba. Aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu aka yi 'yar majami'a, wani tsohon hafsan rundunar SS da ke tsare yana kaɗa musu molon coci. Cikin mutum 15 ɗin nan, 13 suka riƙa zuwa sujada ran Lahadi. Hess da Rosenberg suka ce ba su bukata, shi kuwa bai matsa musu ba, bai kuma daina leƙa su ba.

Sai dai sakin fuskarsa yana da iyaka. A wurin Kirista akwai ibadar da ake kira Jibin Ubangiji, inda ake ba mai bi gurasa da ruwan inabi, kuma a ƙa'idar ɗarikar Gerecke ba a ba mutum sai ya furta bangaskiyarsa ya kuma nuna tuba. Zuwa sujada na kowa ne, amma Jibi sai wanda liman ya gamsu da shi. Ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, yana tambaya yana saurare. Sauckel ne ya fara karɓa, daga baya irin su Keitel da Albert Speer da Baldur von Schirach da Hans Fritzsche suka biyo, Ribbentrop kuwa sai can wajen ƙarshe. Ko tubansu na gaskiya ne ko tsoron igiya ne, wannan sai wanda ya san abin da ke cikin zukata. Abin da ke hannun liman shi ne ya yi bincike iyakar ƙoƙarinsa, ya yi hukunci da abin da ya bayyana.

A tsakiyar 1946 raɗe-raɗi ya bazu a kurkukun cewa Gerecke zai koma gida. Sai fursunonin nan suka rubuta wa matarsa Alma wasiƙa, suna roƙonta ta bar musu shi har a gama shari'a. Dukansu 21 suka sa hannu, har da 'yan Katolika da waɗanda ba su taɓa taka majami'arsa ba. Mutanen da a dā in sun sa hannu a takarda ƙasashe ke girgiza, ga su suna lallashin matar wani Kyaftin. Ita kuwa ta aika masa cewa ya zauna, suna bukatarsa.

Ran 1 ga Oktoba 1946 kotu ta yanke hukunci. Mutum 12 aka yanke wa rataya, ɗaya daga cikinsu, Martin Bormann, a bayan idonsa. Uku ɗaurin rai da rai, huɗu ɗaurin shekara 10 zuwa 20, uku kuma aka sallame su. Ran 15 ga wata da dare Gerecke ya shiga ɗakin Goering. Mutumin nan ya fi kowa zuwa sujada, ya fi kowa ɗaga murya wajen waƙa, ya kuma fi kowa iya jan mutane a jiki. A daren ya nemi a ba shi Jibin Ubangiji. Da liman ya tambaye shi abin da ya gaskata, sai ya nuna shi bai yarda da ginshiƙan addinin ba, yana dai so ya karɓa ne ko da za a dace. Gerecke ya tuna masa da 'yarsa ƙarama wadda ke fatan su sadu a lahira, bai girgiza ba. Nan take liman ya gaya masa ba zai ba shi ba. Bayan kamar sa'a biyu Goering ya tauna gubar da ya ɓoye. Gerecke na cikin waɗanda suka fara isa kansa, ya durƙusa yana karanta masa aya a kunne yana shure-shuren mutuwa.

Wannan ita ce tsaka mai wuya ta limanci. Da ya ba shi, babu wanda zai tuhume shi, mutum ne da ya rage masa 'yan sa'o'i a duniya. Amma da ya yi haka, da ya mayar da ibada abin sallamar baƙo, da kuma ya ci amanar waɗanda ya sa suka yi watanni suna tuhumar kansu kafin ya ba su. An ruwaito cewa abin ya daɗe yana yi masa yawo a zuci, yana tambayar kansa ko ya yi daidai. Wannan damuwa ma shaida ce a gare shi, domin wanda ya hana don ƙeta ba ya kwana yana juyayi.

Bayan ƙarfe ɗaya na dare, watau wayewar 16 ga Oktoba, aka soma rataya a ɗakin motsa jiki na kurkukun. Mutum goma aka rataye. Gerecke ya raka biyar: Ribbentrop, da Keitel, da Rosenberg, da Wilhelm Frick, da Sauckel. Kowanne ya taka da shi daga ɗaki har kan dakalin hauni. Da ya tambayi Rosenberg ko ya yi masa addu'a, ya ce a'a, shi kuwa ya tsaya kusa da shi shiru har aka gama.

Da ya koma Amurka bai nemi ofis mai sanyi ba. Ya yi limanci a kurkukun soja na Milwaukee, a 1950 ya tuɓe kaki ya koma garin Chester a jihar Illinois, yana taimakon wata majami'a yana kuma kula da fursunonin babban kurkukun Menard. A 1951 ya ba da labarin abin da ya gani a wata mujalla mai suna Saturday Evening Post. Ran 11 ga Oktoba 1961 ciwon zuciya ya ɗauke shi, ya kuwa kama shi ne a harabar kurkukun, ya zo koyar da darasi. Fursunoni suka roƙi a kawo musu gawarsa su yi bankwana, shugaban kurkuku ya yarda, mutum fiye da 800 suka bi layi suka wuce ta gaban akwatinsa. Bayan rasuwarsa babban ɗansa ya tarar da damin wasiƙu a ɓoye cikin teburinsa, na mutanen ƙasarsa ne, suna zaginsa suna kiransa maci amana mai son 'yan Nazi. Ya karanta su, ya adana, bai taɓa nuna wa iyalinsa ba. Lambobin girmansa ke nan: wasiƙar mutum 21, da damin zagi, da layin fursunoni.

Masu zagin nan ba a ce ba su da abin faɗa ba. Yahudawa wajen miliyan shida da 'yan Nazi suka hallaka, babu wanda ya raka su da addu'a, babu wanda ya tambaye su ko suna da saƙo ga iyali. Me zai sa a yi wa makasansu gatan da su ba su yi wa kowa ba? Tambaya ce mai nauyi, wanda aka kashe wa uwa ko ɗa yana da haƙƙin yin ta. Amsar da rayuwar Gerecke ta bayar ita ce, aikin alƙali dabam, na liman dabam. Bai hana shari'a tafiya ba, bai ce ba su yi laifi ba, bai kuma tsaya tsakaninsu da igiya ba. Abin da ya ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce akwai ɗan Adam da ya lalace har ya wuce a kira shi zuwa ga tuba. Ai raba mutane gida biyu, waɗanda suka cancanci a ɗauke su mutane da waɗanda ba su cancanta ba, ita ce ainihin aƙidar da aka gurfanar a Nuremberg.

Ya kamata kuma a tuna cewa rundunar Hitila ita ma tana da nata limaman, Katolika da Furotesta, kuma a kan ƙarfen ɗamarar sojojinta an rubuta cewa Allah yana tare da su. Galibin limaman nan sun ga abin da ake yi, suka ja bakinsu suka ci gaba da yi wa runduna addu'a. A watan Agusta 1941, a garin Bila Tserkva na ƙasar Yukren, waɗansu daga cikinsu sun tarar da yara Yahudawa wajen 90 a kulle cikin wani gida bayan an harbe iyayensu, suka kai ƙara wurin hafsoshi. Maganar ta kai har gaban Fil Mashal von Reichenau, ya ce a zartar, aka kashe yaran. Ana tuna wannan yunƙuri ne saboda ƙarancin irinsa. Limamin da ya mayar da kansa mai shafa wa kowace oda albarka ya zama wani makami ne a hannun kwamanda, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Mutanen ƙasar Hausa ba sa bukatar a je Turai kafin a nuna musu bambancin malamin fada da malamin Allah. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Abin lura shi ne, a ranar da ya sami kunnen sarki, waɗanda ke kurkuku na cikin waɗanda ya tuna.

Aikin rakiya zuwa wurin hauni shi ma ba baƙo ba ne a Nijeriya. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 suna tune da hotunan Bar Beach ta Ikko, liman da fada suna bin turaku ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe wuta. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed an harbe mutum 32 ran 11 ga Maris 1976, aka ƙara bakwai ran 15 ga Mayu, ciki har da Laftanan-Kanar Dimka. Ran 5 ga Maris 1986 aka harbe Manjo-Janar Mamman Vatsa, ɗan Jihar Neja kuma abokin karatun Janar Babangida a Bida, tare da waɗansu hafsoshi tara, hukuncin da har yanzu ake muhawara a kansa. A watan Yuli 1990 aka harbe mutum 42 saboda yunƙurin juyin mulki na Manjo Orkar. Laifin da aka tuhumi waɗannan da shi ko kusa bai yi kama da na mutanen Nuremberg ba, amma matsayin liman iri ɗaya ne: gwamnatin da ke biyansa ita ta yanke hukunci, wanda aka yanke wa kuwa ɗan jam'insa ne.

Zamanin harbe-harben nan ya wuce, amma nauyin bai ragu ba. Tun 2009 sojoji ke fama a Arewa maso Gabas. A 2014 kotunan soja suka yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa bisa laifin tawaye, alhali su suna kukan rashin makamai, sai a watan Disamba 2015 aka mayar wa 66 daga cikinsu da hukuncin ɗaurin shekara goma. A watan Agusta 2023 Jihar Neja kanta ta ga asarar sojoji fiye da 30, a kwanton ɓauna wajen Zungeru da faɗuwar jirgin sama mai saukar ungulu a ƙasar Shiroro. Tun 2016 kuma akwai shirin karɓar 'yan Boko Haram da suka miƙa wuya, mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, inda malamai ke zama da mutanen da jama'a da yawa ba su ko son jin sunansu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai aikin da babu mai iya yinsa sai liman: ya kai kukan ƙaramin soja gaban babba ba tare da tsoro ba, ya bi haƙƙin matar mamaci bayan an watse daga maƙabarta, ya kuma tantance tuban gaskiya daga na ganin ido, kada ya sa hannu a takardar wanda bai gamsu da shi ba don kawai an ce a yi sauri.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowane ɓangare. Hukumar soja ta sani cewa limamin da ba ya iya ce wa kwamanda a'a ba shi da amfani gare ta, domin ƙaramin soja ba zai buɗe cikinsa ga wanda ya ɗauka ɗan rahoto ne ba. Ya kamata a tsare sirrin abin da soja ya gaya wa limaminsa, kada kuma faɗin gaskiya ya zama dalilin toshe wa liman ƙarin girma ko jefa shi wani lungu. Majalisun addini da ke ba da shaidar waɗanda za a ɗauka, na Musulmi da na Kirista, su daina tura wanda ya rasa abin yi, su tura wanda ya san asibiti da gidan yari tun kafin ya sa kaki, kamar yadda Kanar Andrus ya nema. Su kuwa limaman, babu laifi su so anini, halak ɗinsu ne in sun samu, ofis babba kuma yana iya zama hanyar gyara babba. Sai dai anini na gwamnati ne, ran da aka yi ritaya sai a ninke kaki a sa cikin akwati. Abin da ke bin mutum har kabari shi ne shaidar waɗanda ya tsaya wa a ranar da kowa ya gudu, da ta waɗanda ya gaya wa gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Allah ya ba masu riƙe da wannan amana ikon sauke ta, amin.